Tayin Sulhu a Tsakiyar Yaƙi: Me Ke Hana Shi Karɓuwa?

Kowace shekara idan muka kai kan Yaƙin Duniya na Ɗaya a darasin tarihi, sai an sami wanda ya ɗaga hannu ya yi mini tambaya iri ɗaya. Bana wata yarinya ce daga layin baya. Na gama rubuta yawan waɗanda suka hallaka a allo ke nan, sai ta ce, "Malam, da suka ga ana ta mutuwa haka, ba wanda ya ce a tsaya a yi magana?" Na ce mata an ce, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta ce, "To, me ya hana?" Kafin in buɗe baki aka buga ƙararrawa. Na yi wa ajin alkawari zan ba da amsa a rubuce, ga shi kuwa masu shirya littafin shekara sun ba ni fili. Iyaye da 'yan'uwa na ikilisiya da za ku karanta, ku yi haƙuri da sunayen Turawa, suna da yawa. Amma labarin ba zai yi wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga ana cinikin sa ba.

A kara, mai saye ya taya, mai sa ya ce albarka, dillali ya yi ta kai da kawowa har a daidaita. Kowa ya san ƙa'idar: wanda ya fara nuna ya ƙosa, shi ke faɗuwa. In mai sa ya shiga bin mutane yana roƙo a taya, nan take za a gane akwai wata matsuwa a gida, kuɗin sa ya sauka. Tayin sulhu ma haka yake, sai dai da bambanci mai ban tsoro. A kara in ciniki bai faɗa ba, mutum ya ja sansa ya koma gida, ba abin da ya ragu. A yaƙi kuwa, kowace ranar da aka ɓata ana ja-in-ja, samari ne ke mutuwa, kuma kowane mamaci ƙara wa cinikin tsada yake yi.

Bari mu duba yadda duniya take a ƙarshen 1916. A gefe guda akwai Jamus, da Ostiriya da Hangari waɗanda ke ƙarƙashin sarki ɗaya, da Turkiyya, da Bulgeriya. A ɗaya gefen akwai Ingila, da Faransa, da Rasha, da Italiya, da waɗansu ƙanana, waɗanda za mu kira Ƙasashen Ƙawance. An shekara biyu da 'yan watanni ana gwabzawa. A Verdun, cikin Faransa, an yi faɗa daga Fabrairu har Disamba na wannan shekara, matattu da masu rauni na gefen biyu suka kai wajen 700,000. A bakin kogin Somme, ran 1 ga Yuli kaɗai, Ingila ta yi hasarar mutum fiye da 57,000, fiye da 19,000 daga cikinsu matattu. Kafin a daina wannan faɗa a Nuwamba, hasarar gefen biyu ta wuce miliyan ɗaya, ƙasar da aka ci kuwa ba ta wuce tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa ba.

In ka dubi taswira, Jamus ce ke kan gaba. Tana riƙe da kusan dukan Beljiyam, da arewacin Faransa, da Folan ta Rasha, abokanta na riƙe da Sabiya, ran 6 ga Disamba kuma sojojinta suka shiga Bukares, babban birnin Romaniya. In kuwa ka dubi tukunya, Jamus ce a baya. Jiragen ruwan Ingila sun toshe mata teku, dankali ya ƙi a wannan shekara, yunwa ta shiga birane. Watau kowane gefe yana da abin da zai duba ya ce shi ne ke da nasara. Jamus na duban taswira, Ingila na duban tukunya.

Ran 12 ga Disamba, 1916, Wazirin Jamus, Bethmann Hollweg, ya tashi a majalisar dokoki ya ce Jamus da abokanta a shirye suke a zauna a yi shawarar sulhu. Aka aika da takardar ta hannun ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, cikinsu har da Amurka, wadda a lokacin ba ta shiga yaƙin ba tukuna. Kirsimeti ya matso, mutane da yawa suka ɗauka addu'arsu ce aka amsa. Amma da aka buɗe takardar sai aka tarar da abu biyu. Muryarta ta mai kirari ce, tana lissafa nasarorin Jamus. Sa'an nan babu sharaɗi ko ɗaya a ciki. Ba ta ce za a fita daga Beljiyam ba, ba ta ce ba za a fita ba. Mai saye ne ya zo ya ce a shiga rumfa a yi ciniki, amma ya ƙi tayawa.

Me ya sa Wazirin ya yi haka? Ba wauta ba ce, ƙangi ne ya shiga. Da ya rubuta sharuɗɗa masu sauƙi, da manyan hafsoshinsa Hindenburg da Ludendorff sun tashi masa, jama'ar da aka shekara biyu ana gaya musu nasara ta kusa kuma su ce, to, don me 'ya'yanmu suka mutu? Da kuwa ya rubuta abin da hafsoshin ke so, watau riƙe akalar Beljiyam, da yankin ma'adinin ƙarfe na Briey a Faransa, da manyan yankuna a gabas, da duniya duka ta ga haɗamar a fili. Sai ya zaɓi takarda marar kome. Ƙasashen Ƙawance suka karanta ta iri biyu, kuma duka biyun ƙi suka haifar. Waɗansu suka ce Jamus ta gaji, to a ƙara dannawa. Waɗansu suka ce tarko ne don a raba kan abokai. Lloyd George, wanda bai cika mako guda da zama Firayim Ministan Ingila ba sa'ad da tayin ya zo, ya gaya wa majalisarsu cewa shiga taro ba tare da sanin sharuɗɗa ba, sa wuya ne cikin zarge alhali bakin igiyar na hannun Jamus. Ran 30 ga Disamba suka mayar da amsa, suka ƙi.

Ana cikin haka sai Shugaban Amurka, Woodrow Wilson, ya fito a matsayin dillali. Ran 18 ga Disamba ya rubuta wa gefen biyu ya ce kowa ya faɗi abin da yake nema a fili. Shawara ce mai kyau, amma ta zo kwana shida bayan tayin Jamus, har mutanen London da Paris suka yi zaton haɗa baki aka yi. Jamus ta amsa cikin ladabi, ta ce ta fi so ta gana da abokan gaba ido da ido, watau ta sake ƙin tayawa. Ƙasashen Ƙawance kuwa, ran 10 ga Janairu, 1917, suka faɗi nasu: a fita daga Beljiyam da Sabiya da Faransa da Rasha da Romaniya, a biya diyya, a 'yantar da al'ummun da ke ƙarƙashin baƙon mulki, a kori Turkiyya daga Turai. Duk mai hankali ya san ma'anar wannan ita ce a yayyaga daular Ostiriya. Sharuɗɗa ne da ba a sa wa hannu sai an kayar da mutum ƙasa, ga shi kuwa ba wanda ya faɗi tukuna.

Akwai wani abu da jama'a ba su sani ba a lokacin. Ran 22 ga Disamba, kwana goma kacal bayan tayin sulhun, babban hafsan sojan ruwan Jamus, Holtzendorff, ya miƙa lissafi a rubuce. Ya ce in aka saki jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa su nutsar da kowane jirgin kaya ba tambaya, tan 600,000 kowane wata, cikin wata biyar Ingila za ta zo tana roƙon sulhu. Ran 9 ga Janairu Sarkin Jamus ya yarda, aka fara ran 1 ga Fabrairu. Ashe ga hafsoshi, amfanin tayin Disamba shi ne a sami abin cewa: mun nemi zaman lafiya an ƙi, kada wanda ya ga laifinmu. A ɗaya gefen ma haka. Janar Nivelle na Faransa ya yi wa gwamnatinsa alkawari zai fasa layin Jamus cikin kwana biyu in bazara ta yi. Kowa yana da kibiyar da bai harba ba, kuma muddin mutum ya gaskata kibiyarsa ta ƙarshe za ta yi aiki, ba ya jin kira. Lissafin duka biyu ya ƙi. Ingila ba ta durƙusa ba, sai ma Amurka da ta shiga yaƙin ran 6 ga Afrilu, 1917. Harin Nivelle kuwa ya ƙare da dubban matattu, har sojojin Faransa da yawa suka ƙi bin umarnin fita daga ramuka.

Tayin da ya fi ba ni tausayi shi ne na Sarkin Ostiriya. Tsohon sarki Franz Joseph ya rasu a Nuwamba 1916 bayan shekara 68 a kan gado, Karl ya gaje shi yana da shekara 29. Shi Karl ya ga fagen fama da idonsa, ya kuma gane daularsa ba za ta jure ba. Matarsa, Sarauniya Zita, tana da yayye biyu maza, Sixtus da Xavier, waɗanda hafsoshi ne a rundunar Beljiyam, watau a gefen abokan gaba. Ta hannun surukansa ya bi. A Maris 1917 aka shigo da su a ɓoye har wani gidan sarauta kusa da Biyana, suka koma da wasiƙar da Sarkin ya rubuta da hannunsa ran 24 ga watan. A ciki ya yarda a mayar wa Beljiyam 'yancinta, ya kuma ce zai goyi bayan Faransa kan Alsace da Lorraine, yankin da Jamus ta ƙwace tun 1871. Sixtus ya kai wa Shugaba Poincaré na Faransa. Lloyd George da ya ji, ya yi murna ƙwarai. Jamus ba ta san da wasiƙar ba.

To, ku lura da kyau. Alsace da Lorraine ba na Karl ba ne, a hannun Jamus suke. Kyauta ya yi da kayan maƙwabci. Abin da ke nasa, wanda abokan gaba ke nema, shi ne Trentino da tashar jiragen ruwa ta Trieste, wasiƙar kuwa ba ta ambaci Italiya ba ko da kalma ɗaya. Ga kuma ƙullin da ya ɗaure Ingila da Faransa. A Afrilu 1915 sun yi yarjejeniyar asiri da Italiya a London, suka yi mata alkawarin waɗannan wurare da ƙari, don ta shigo yaƙi a gefensu. Tun Satumba 1914 kuma sun yi rantsuwa da Rasha cewa ba wanda zai yi sulhu shi kaɗai, daga baya Italiya ta shiga rantsuwar. Ran 19 ga Afrilu, 1917, shugabannin suka haɗu a wani gari na kan duwatsu mai suna Saint-Jean-de-Maurienne. Ba su iya nuna wasiƙar ba domin sun yi alkawarin rufa asiri, sai suka ɗan taɓa zancen daga nesa. Ministan harkokin wajen Italiya, Sonnino, ya ce ba zai rage ko taƙi ɗaya daga abin da aka yi masa alkawari ba. Nan maganar ta mutu. Ingila da Faransa sun riga sun sayar da san tun bai zo kasuwa ba, da mai tayi ya zo ba su da ikon sallamawa.

Ƙarshen labarin ya fi muni. Ran 2 ga Afrilu, 1918, ministan harkokin wajen Ostiriya, Czernin, ya yi jawabi yana alfahari cewa Faransa ce ta nemi a yi magana. Firayim Ministan Faransa na lokacin, Clemenceau, tsoho ne marar wasa. Ya ce ƙarya ne, ya fito da wasiƙar Karl ya ba jaridu. Sarkin ya rikice, ya yi musun abin da ya rubuta, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Czernin ya sauka, a watan Mayu kuma Karl ya tafi hedkwatar sojan Jamus a Spa ya ba da haƙuri, ya sa hannu ga abin da ya ƙara ɗaure ƙasarsa a gindin Jamus. Wanda ya so ya kwance kansa ya koma da igiya biyu. Bayan yaƙi ya rasa gadon, ya rasu a tsibirin Madeira a 1922 yana da shekara 34. Ni a ganina niyyarsa mai kyau ce, amma ya so ya fita daga yaƙi ba tare da ya biya kome daga aljihunsa ba, kuma bai da ƙarfin gaya wa babban abokinsa gaskiya a ido.

A cikin Jamus kanta ma an gwada. Wani ɗan majalisa Bakatolike, Matthias Erzberger, wanda da farko yana cikin masu son a ci ƙasashe, ya binciki lissafin jiragen ƙarƙashin ruwa ya ga ba zai kai ba. Ya jawo majalisa ta zartar, ran 19 ga Yuli, 1917, da ƙuri'a 212 a kan 126, cewa ana son sulhu ba tare da ƙwace ƙasar kowa ba. Amma kwana shida kafin nan hafsoshi sun riga sun sa an tuɓe Bethmann Hollweg. Sabon Waziri, Michaelis, ya ce ya karɓi shawarar majalisa, sai dai bisa yadda shi ya fassara ta. Da wannan 'yar magana ya zare mata lakka. Ku riƙe sunan Erzberger, za mu sake gamuwa da shi.

Sai Paparoma Benedict na 15. Tun Disamba 1914 ya roƙi a ajiye makamai ko don Kirsimeti, gwamnatoci suka ƙi. Takardarsa ta 1 ga Agusta, 1917, ta bambanta da sauran domin shi ya taya a madadin kowa. Ya ce a rage makamai, a riƙa kai gardama gaban masu sasantawa, a bar teku a buɗe ga kowa, kowa ya yafe diyya, Jamus ta fita daga Beljiyam da Faransa, a mayar wa Jamus ƙasashen da take mulki a ƙetare, sauran rigingimun iyaka kuma a zauna a duba su da sauƙin kai. Ya kira yaƙin kisa marar amfani. Jakadansa a Munich, Eugenio Pacelli, wanda daga baya ya zama Paparoma Pius na 12, ya riga ya gana da Bethmann Hollweg a watan Yuni ya ji alamar za a iya sakin Beljiyam. Kafin takardar ta fito, wanda ya ba da alamar ya bar kujera.

Wannan magana ta ƙasashen ƙetare ta shafe mu kai tsaye. Togo ta faɗi tun Agusta 1914. A Kamaru, sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka yi faɗa a Garwa da Mora, dutsen Mora kuwa shi ne wuri na ƙarshe da Jamusawa suka miƙa wuya, a Fabrairu 1916. Ingila da Faransa ba su jira ba, suka raba Kamaru tsakaninsu a wannan shekara. Dikwa da Mubi da Gwoza da tsaunin Mambila, waɗanda suka zama Nijeriya bayan ƙuri'ar 1961, duk a Kamarun Jamus suke a da. Da an karɓi tayin Paparoma yadda ya rubuta shi, da waɗannan wurare sun koma hannun Jamus a lokacin. Ba wanda ya tambayi mazaunansu, ba a Roma ba, ba a London ba, ba a Berlin ba.

Ingila ta amsa wa fadar Paparoma a hankali, ta ce ba a iya ci gaba sai Jamus ta faɗi niyyarta kan Beljiyam. Nan ne ƙofa ta ɗan buɗe, kuma in akwai lokacin da yaƙin zai iya gajarta, ina jin wannan ne. Sabon ministan harkokin wajen Jamus, Kühlmann, a ransa ya yarda a saki Beljiyam. Amma ya ɗauke ta jingina ce. Tunaninsa shi ne, in na ba da jingina tun ba a zauna ba, da me zan karɓi abin da nake so in an zauna? Tunanin Ingila kuwa shi ne, don Beljiyam muka shiga yaƙin nan, kayan sata ne, ba a ciniki a kansu, a mayar tukuna sa'an nan a zauna. Kowanne yana da hujja a bisa nasa lissafin, amma lissafin biyu ba su da mahaɗa. Amsar Jamus ta 19 ga Satumba cike take da girmamawa, sai dai ba sunan Beljiyam a ciki. Ran 9 ga Oktoba Kühlmann ya faɗa a majalisa cewa Jamus ba za ta taɓa sakin Alsace da Lorraine ba. Wilson shi ma ya riga ya amsa ran 27 ga Agusta cewa ba a iya dogara ga maganar masu mulkin Jamus na lokacin. Dillalin bara ya zama mai faɗa a bana.

Shi kansa Paparoma bai tsira daga zargi ba. A Faransa suka ce na Jamus ne, a Jamus suka ce na Faransa ne. Cikin yarjejeniyar asirin nan ta 1915 har da sharaɗin da Italiya ta sa, cewa kada a bar fadar Paparoma ta sa baki a shirin sulhu. A Disamba 1917 wani firist ya hau bagade a wata babbar majami'a ta Paris ya ce, da dukan ladabi, ba za su iya karɓar irin wannan salama ba. Da sojojin Italiya suka watse a Caporetto a Oktoba, waɗansu suka ɗora laifin a kan kalmar nan ta kisa marar amfani, wai ita ta karya zuciyar soja. Abin tunani ne a gare mu cewa a gefen biyu masu bi ne suka fi yawa, ana addu'a a majami'u da Jamusanci da Faransanci da Turanci, kowa yana roƙon nasara, kaɗan ne ke roƙon a tsaya.

Wata guda bayan amsar Jamus, daga 15 zuwa 18 ga Oktoba, 1917, aka yi ƙazamin faɗa a Mahiwa, a kudancin ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu. Rundunar Nijeriya, wadda ta sauka a gabashin Afirka a Disamba 1916, cikin watan da aka yi tayin farko, ta yi hasarar mutane da yawa a wurin. Ba su taɓa ganin Beljiyam ba.

Yarinyar da ta yi tambaya tana zaton yawan mutuwa shi zai sa a tsaya. Abin baƙin ciki, sau da yawa akasin haka ke faruwa. Shugaban da ya aika da samari miliyan suka mutu, yana tsoron ranar da zai tsaya gaban iyayensu ya ce mun koma inda muka fara. Ga kuma bashi. Gwamnatoci sun ci bashin da ba su san yadda za su biya ba, suna sa rai wanda aka ka da shi zai biya. Ministan kuɗin Jamus ya faɗi haka a majalisa tun 1915. Sulhun da kowa zai yafe diyya, ma'anarsa kowa ya koma gida ya fuskanci masu binsa. Saboda haka mai maganar sulhu yakan fi shan wuya a gida da a waje. Lord Lansdowne, tsohon ministan harkokin wajen Ingila, dattijo mai shekara 72 wanda ɗansa ya mutu a yaƙin tun 1914, ya rubuta wasiƙa yana cewa a sassauta buƙatu kafin Turai ta ƙare. Jaridar The Times ta ƙi bugawa, Daily Telegraph ta buga ran 29 ga Nuwamba, 1917. Aka yi masa ca, abokan siyasarsa suka juya masa baya. A Faransa kuwa Clemenceau ya sa aka kama Caillaux, tsohon Firayim Minista, a Janairu 1918, bisa zargin hulɗa da abokan gaba.

Kada fa ɗalibai su ɗauka duk wanda ya ƙi tayi mugu ne. Akwai maganar amana, kuma tana da nauyi. Tun 1839 manyan ƙasashe, har da Prussia wadda ta zama ƙashin bayan Jamus, suka sa hannu cewa ba za a taɓa Beljiyam ba. A 1914 Jamus ta taka ta, Bethmann Hollweg ya kira yarjejeniyar guntun takarda. Wanda ya yaga takarda jiya, da wane ido za a dubi sa hannunsa yau? Sa'an nan a Maris 1918 duniya ta ga irin sulhun da Jamus ke yi in ta sami wanda ya durƙusa. A Brest-Litovsk ta yanke wa Rasha Folan da Yukiren da ƙasashen bakin tekun Baltik, kusan sulusin jama'arta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A yaƙi na biyu abin ya fi fitowa fili. Hitler ya yi tayi a Oktoba 1939, ya sake yi ran 19 ga Yuli, 1940, bayan ya ci Faransa. Amma shi ne ya sa hannu a Munich a 1938, ya kuma shiga Prague a Maris 1939 kamar ba a yi ba. Ingila ta ƙi, kuma ban san mai hankalin da zai ce ta yi kuskure ba. Wahalar ita ce, a tsakiyar yaƙi ba a rarrabe Karl da Hitler da sauƙi, domin takardun duk da kalmar salama suke farawa.

Tayin da ya karɓu a ƙarshe, daga bakin Ludendorff ya fito, mutumin da ya tsaya a kan hanyar duk na baya. Harinsa na bazarar 1918 ya ƙare ba nasara, sojojin Amurka na ta sauka, Bulgeriya ta miƙa wuya. Ran 29 ga Satumba ya ce wa Sarki a nemi tsagaita wuta nan da nan. A farkon Oktoba takarda ta tafi wurin Wilson. A wannan karo ba kirari, ba jingina. Sharuɗɗan 11 ga Nuwamba suka ce a fita daga Beljiyam da Faransa da Alsace da Lorraine cikin kwana 15, a miƙa igwa 5,000 da bindiga mai jigida 25,000 da jiragen ƙarƙashin ruwa duka. Beljiyam ɗin da aka ƙi ambata a Satumba 1917 ta tafi kyauta, ƙasashen ƙetare ma ba su dawo ba, diyyar da Paparoma ya ce a yafe kuwa aka ɗora wa Jamus ita a Versailles a 1919. Sojojin da suka mutu a yaƙin duka sun kai wajen miliyan 9 zuwa 10.

Hafsoshin ba su jagoranci tawagar da ta je sa hannu ba. Farar hula aka tura cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne, shi ne Matthias Erzberger, wanda ya nemi sulhu a Yuli 1917 aka yi masa fassara. Ba a daɗe ba aka fara yaɗa cewa ba a ci sojan Jamus a fagen fama ba, 'yan siyasa ne suka soke shi ta baya. Ran 26 ga Agusta, 1921, Erzberger yana yawo a wani daji a kudancin Jamus, tsofaffin hafsoshi biyu suka tare shi suka harbe shi.